Jean Rouch: daga Babulen Kurfai zuwa hatsarin hanyar Ƙonni

A daren 18 ga watan Fabrairu na 2004, wata ƙaramar mota da ta taso daga Yamai za ta Tawa ta afka wa wata babbar mota a kusa da Birnin Ƙonni. Daga cikin waɗanda ke ciki akwai Moustapha Alassane, ɗaya daga cikin iyayen silimar Nijar, da Damouré Zika, ɗan wasan da manyan Yamai suka daɗe suna dariyar barkwancinsa. Su biyun sun tsira. Wanda ya rasu shi ne tsohon da suke rakiya, Bafaranshe mai shekaru 86, Jean Rouch, wanda ya shafe sama da shekaru 60 yana kai da komo tsakanin Paris da bakin kogin Kwara, ya kuma bar fina-finai sama da 100, galibinsu a kan mutanen wannan yanki.

Ga mutanen Filinge da ƙasar Kurfai, labarinsa ba na nesa ba ne. Fim ɗin da ya fi jawo masa suna, ya kuma fi jawo masa zagi, an ɗauke shi ne a Accra, amma abin da ke cikinsa a Kurfai aka haife shi.

Injiniyan da ya fara da rusa gada

An haifi Jean Rouch a Paris ranar 31 ga watan Mayu na 1917. Mahaifinsa, Jules Rouch, hafsan sojan ruwa ne kuma masanin yanayi, yana cikin ayarin Jean-Baptiste Charcot da ya je binciken ƙanƙarar kudancin duniya tsakanin 1908 da 1910. Yaron ya tashi yana bin iyayensa daga wannan tashar jiragen ruwa zuwa waccan, har ya shiga babbar makarantar injiniyoyin hanyoyi da gadoji ta Paris. Yaƙin duniya na biyu ya riske shi kafin ya gama. Aikinsa na farko a 1940 shi ne fasa gadoji don a tare sojojin Jamus, shi da aka koya wa gina su.

A 1941 ya sauka Yamai a matsayin injiniyan ayyukan gwamnatin mulkin mallaka. Zamanin aikin tilas ne. Babu injina, babu kwalta, dubban talakawa ake kwasowa daga ƙauyuka su yi hanya da kwando da magirbi, kuma saurayin injiniyan yana cikin masu ba su umarni. Bai taɓa ɓoye wannan ba daga baya. Sai a 1946 dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta haramta wannan aiki.

A bakin kogi ya haɗu da wani yaro ɗan Sarkawa mai suna Damouré Zika, ya ɗauke shi aiki. A 1942 tsawa ta kashe ma'aikata 10 a ɗaya daga cikin wuraren aikinsa. Damouré ya kai shi wurin kakarsa Kaliya, wadda ta jagoranci wasan borin da Zabarmawa ke yi wa Dongo, iskan da suke danganta tsawa da shi. Abin da ya gani ranar ya juya masa rayuwa: ya fara rubuta abin da yake gani, yana aika wa masana a Paris. Gwamnan lokacin, mai biyayya ga gwamnatin Vichy, bai yarda da shi ba, ya kore shi zuwa Dakar. Daga can ya shiga rundunar da ta yaƙi Jamus har ƙarshen yaƙi.

Kyamarar gwanjo

Da aka gama yaƙi, shi da abokansa biyu, Jean Sauvy da Pierre Ponty, suka bi kogin Kwara tun daga mafarinsa a Gine har inda ya faɗa teku a Najeriya, tafiyar kilomita sama da 4,000 a kwalekwale, daga 1946 zuwa 1947. Rouch ya tafi da wata tsohuwar kyamara ƙirar Bell & Howell mai fim na milimita 16 da ya saya a kasuwar gwanjo ta Paris. A hanya ya rasa ƙafafun da ake girke ta a kai, dole ya koma riƙe ta a hannu. Ƙwararrun lokacin suna ganin hakan a matsayin ɓarna. Shi kuwa ya gano cewa mai kyamara a hannu yana iya bin mutum, ya zagaya shi, ya shiga cikin taro kamar kowa.

Kyamarar tana da wasu tarnaƙi biyu. Da wani ake wana ta kamar agogo, ba ta wuce daƙiƙa 25 sai ta tsaya, kuma ba ta ɗaukar murya. Wannan talauci na kayan aiki shi ya haifar da salonsa. Tun da hoton gajere ne, sai ya yi tunanin na gaba yayin da yake wana ta. Tun da babu murya, sai a dawo daga baya a haska wa mutanen hotonsu, su yi magana a kansa yadda suka ga dama, a naɗa.

Fim ɗinsa na farko ya koya masa darasi mai ɗaci. Kamfanin da ya saya ya yanke shi yadda yake so, ya ɗora masa kiɗa da sharhin da ke nuna baƙar fata kamar mutanen duhu, ya sa masa suna Au pays des mages noirs. Darasi na biyu masunta ne suka ba shi. A 1954 ya kai fim ɗinsa na farautar dorina, Bataille sur le grand fleuve, garin Ayoru, ya rataya farin ƙyalle ya haska musu. Suka kalla, suka ce a maimaita, sannan suka nuna masa kuskurensa: kiɗan da ya sa a lokacin farauta bai dace ba, domin dorina tana ji a ƙarƙashin ruwa, kiɗa kuma ƙarfin hali zai ƙara mata. Ya cire kiɗan. Daga nan ya mayar da abin ƙa'ida, cewa wanda aka ɗauka shi ne farkon mai hakkin gani da gyara.

Abin da ya tashi daga Kurfai

Wajen 1925, a yankin Cikal da ke ƙasar Kurfai, wasu sababbin iskoki suka fara hawa mutane a wurin wasan bori. Wadda tarihi ya fi riƙe sunanta ita ce wata mata mai suna Shibo. Iskokin ba irin na da ba ne: gwamna ne, da kumandan, da kyaftin, da likita, wato manyan bariki. Wanda suka hau sai ya yi fareti, ya sara, ya ba da oda da gurɓataccen Faransanci, ya riƙe wuta ba ta ƙone shi ba. Hausawan yankin suka kira su Babule, wasu suka ce Hauka, sunan da ya bi su har cikin littattafan Turai.

Abin bai tsaya a fagen wasa ba. Matasa suka riƙa bin su ƙauye-ƙauye, suna bijire wa sarautar da Faransawa suka ɗaure wa gindi. Sarkin Kurfai na lokacin, Gado Namalaya, ya kai ƙara. Kumandan Yamai, Horace Crocicchia, ya sa aka kamo da yawa daga cikinsu, aka tsare su, aka azabtar da su. Maimakon abin ya mutu, sai shi kansa kumandan ya zama ɗaya daga cikin iskokin, ana kiransa Kumandan Mugu. A 1927 hukuma ta sake dirar musu, ta kori shugabanninsu daga ƙasar. Ƴan ci-rani masu gangarawa kurmi suka tafi da abin har Gwalkwas, ƙasar da ake kira Ghana yau, inda ya sami sababbin manyan da zai kwaikwaya, wato Turawan Ingila.

A can Rouch ya same su a 1954, lokacin da yake binciken ƙaurar ƴan Nijar zuwa Accra da Kumasi. Shugabannin ƴan Hauka ne suka gayyace shi ya ɗauki taronsu na shekara, a wata gona a wajen Accra. Ya ɗauka a yini ɗaya. Fim ɗin, Les Maîtres fous, bai kai minti 40 ba. Ana ganin lebura ya zama gwamna, wani ya zama janar, wani direban jirgin ƙasa, idanu sun juye, kumfa na zuba daga baki, an yanka kare an ci. Ana fasa ƙwai a kan gunkin gwamna, sai Rouch ya yanka zuwa hoton gwamnan Ingila na gaskiya a wurin fareti, da farin gashin tsuntsu na zubowa daga hularsa. Washegari kuma ga mutanen nan cikin hankalinsu, suna murmushi, kowa a bakin aikinsa a kasuwa ko a ramin famfo.

Fim ɗin da kowa ya ƙi

Da aka haska shi a Musée de l'Homme na Paris a 1955, kusan babu wanda ya fita da farin ciki. Malaminsa Marcel Griaule ya nemi a lalata shi. Ɗaliban Afirka da ke wurin suka ce zai ƙara wa masu wariyar launin fata hujja. Hukumomin Ingila suka hana nuna shi a ƙasashen da suke mulka, domin sun gane da su ake. Rouch ya ƙi lalata shi, kuma a 1957 ya sami lambar yabo a bikin fina-finai na Venise.

Gardamar ba ta mutu ba har yau. Masu kare fim ɗin suna cewa shi ne ya fara nuna wa Turawa yadda waɗanda suke mulka ke kallon su, da cewa haukan na mulkin mallaka ne, ba na leburori ba. Masu suka suna cewa ɗan kallon da bai san komai ba kumfa da naman kare kawai zai tuna, kuma muryar da ke fassara komai daga farko har ƙarshe ta Bature ce. A 1965 Ousmane Sembène, uban silimar Senegal, ya faɗa masa ido da ido cewa irinsu suna kallon ƴan Afirka kamar masu nazarin ƙwari. Wani abin da mutumin Kurfai zai lura da shi kuma shi ne, hoton bai nuna Cikal ba, bai nuna ɗaurin da aka sha a Yamai ba. Wanda bai san tarihin 1925 ba zai ga rassan ne kawai, bai ga saiwar ba.

Ɗan dako mai sunan ɗan fashin Amurka

Amsar da Rouch ya bayar ita ce ya ƙara sakar wa waɗanda yake ɗauka linzami. A Jaguar, wanda ya ɗauka a 1954 amma bai kammala ba sai 1967, Damouré Zika da Lam Ibrahima Dia da Illo Gaoudel sun taka daga Ayoru zuwa Gwalkwas neman kuɗi, kuma su da kansu suka ƙirƙiri labarin da maganganun.

A unguwar Treichville ta Abidjan ya haɗu da wani matashi ɗan Yamai, Oumarou Ganda, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin Indochine, ya dawo babu abin yi, yana dako a tashar jiragen ruwa. Samarin unguwar sun haddace fina-finan ƴan fashi da ƴan sanda na Amurka da Faransa da ake nunawa a silimomin kwata, har suna ɗaukar sunayen taurarinsu. A Moi, un Noir na 1958, Ganda ya fito da sunan Edward G. Robinson, ɗan wasan da ya yi suna da fitowa a shugaban ƴan daba, abokinsa kuma da sunan Eddie Constantine. Sai dai babu bindiga babu banki a rayuwarsu, abin da ke akwai shi ne buhu a ka, da kuɗin haya, da rawar daren Asabar, da mafarkin zama zakaran dambe. Muryar Ganda ce ke jan fim ɗin, da ɗacinta da dariyarta. Ya ci kyautar Louis-Delluc, kuma matasan daraktocin Faransa irin su Jean-Luc Godard sun ɗauki darasi daga gare shi: ana iya yin babban fim a titi, da kuɗi kaɗan, ba tare da ɗakin shirya fim ba.

A 1960 shi da masanin zamantakewa Edgar Morin suka juya kyamarar kan mutanen Paris a Chronique d'un été, da sabuwar ƙaramar kyamara da rikoda mai ɗaukar murya a lokaci guda. A 1965 kuma fim ɗinsa na mafarautan zaki da kwari da baka, wanda ya yi shekaru yana ɗauka a yankin Yatakala, ya sake cin kyauta a Venise.

Tsofaffin motoci

Wanda ya zo Nijar don gina hanya bai rabu da mota ba. A Petit à petit, wanda ya fito a farkon shekarun 1970, Damouré ya zama attajirin Ayoru da ya je Paris nazarin Faransawa, yana tare su a titi yana auna kawunansu yana duba haƙoransu, kamar yadda masana suka daɗe suna yi wa baƙar fata. Shi da Lam suna yawo a birnin cikin tsohuwar Bugatti marar rufi, ƙirar kamfanin da motocinsa suka mamaye tseren Turai a shekarun 1920, har ɗaya daga cikinsu ta lashe gasar Monaco ta farko a 1929. A 1973 abokan suka yi wa motar Volkswagen wani fim na talla mai ban dariya, VW Voyou.

Amma motar da ƴan Nijar suka fi tunawa ita ce ta Cocorico Monsieur Poulet na 1974. Lam da gaske yana fataucin kaji, yana shiga ƙauyuka da wata ragargazajjiyar Citroën 2CV ya sayo ya kawo Yamai. A kan wannan aka gina labarin. Sunan motar Patience, wato haƙuri, kuma ta ci sunanta: ba ta da takardu, ba ta da ƙwaƙƙwaran birki, sai an tura take tashi. Tun da ba za su iya bi ta gadar Kennedy ba saboda jami'an da ke tsaye a kai, sai su nemi wata dabarar ƙetare kogi, har da kwance motar gunduwa-gunduwa a loda a jirgin ruwa a sake ɗaura ta a wancan ƙetaren. Babu rubutaccen labari. Idan motar ta mutu da gaske, mutuwar ta shiga fim. Mutum huɗu ne ginshiƙin aikin, suka haɗa farkon sunayensu, Damouré, Lam, Rouch da Tallou Mouzourane, suka kira kansu Dalarouta, Moussa Hamidou kuma yana riƙe da na'urar murya. Duk direban da ya taɓa ɗaure injin da waya a tsakanin Baleyara da Filinge ya san wannan mota.

Waɗanda suka karɓi kyamara

Babban abin da za a auna Rouch da shi a Nijar shi ne waɗanda suka bi ta hannunsa suka wuce. Moustapha Alassane ya fara aiki a cibiyar bincike ta IFAN a Yamai, wadda ta zama IRSH, inda Rouch ya ƙarfafa masa gwiwa. A 1962 ya yi Aouré a kan auren Zabarmawa, a 1966 kuma Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da akwatin kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka zama ƴan ta'adda a ƙauyensu. Shi ne kuma ya buɗe fagen fim ɗin zane mai motsi a ƙasar.

Oumarou Ganda ya dawo gida ya ba da labarin tsohon soja da bakinsa da idonsa a Cabascabo, wanda aka nuna a Cannes a 1969. A 1972 fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya zama na farko da ya ci babbar kyautar Étalon de Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu. Ya rasu ranar 1 ga watan Janairu na 1981, kuma babban gidan raya al'adu na Yamai yana ɗauke da sunansa. Safi Faye ƴar Senegal, wadda ta fito a Petit à petit, ta zama ɗaya daga cikin matan Afirka na farko da suka shirya fim. A 1976 Babatu, wanda Rouch ya yi a kan labarin Boubou Hama, ya shiga gasar Cannes da sunan Nijar. A shekarun nan ƙasar tana sahun gaba a silimar Afirka, kafin kuɗi su ƙafe, gidajen silima su rufe ɗaya bayan ɗaya.

A Faransa kuma ya riƙe shugabancin Cinémathèque française daga 1987 zuwa 1991, kuma yana cikin waɗanda suka assasa makarantar Ateliers Varan a 1981, mai koya wa matasan ƙasashe matalauta yin fim da ƙananan kayan aiki. Bai daina dawowa Yamai ba. Zuwansa na ƙarshe, a Fabrairun 2004, don wani bikin tunawa da fina-finan Nijar ne. Daga nan ya kama hanyar Tawa, garin da Moustapha Alassane ya zauna, tafiyar da bai kai ƙarshenta ba. An binne shi a maƙabartar Kirista ta Yamai, gwamnati ta karrama shi. Damouré ya bi shi a 2009, Moustapha Alassane a 2015.

Bayan rasuwarsa an sa wa cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Yamai sunansa. A watan Oktoba na 2024, bayan ɓacin dangantaka tsakanin ƙasashen biyu, hukumomi suka sauke sunan suka sa na Moustapha Alassane, mutumin da ke zaune tare da shi a motar daren hatsarin.

Allon ƙofa ya canza, amma fina-finan suna nan, kuma asalin mafi yawansu a rumbunan ajiya na Faransa suke. A cikinsu akwai fuskokin masunta da makiyaya da ƴan ci-rani na shekarun 1950 waɗanda jikokinsu ke raye, akwai kuma iskokin da suka tashi daga Cikal. Ƙa'idar da masuntan Ayoru suka koya wa Rouch tana nan ita ma: a kawo wa mutane hotonsu su gani, su faɗi inda aka yi daidai da inda aka kauce. Yau wayar da ke aljihun ɗan makaranta a Filinge ta fi kyamarar gwanjon 1946 ƙarfi nesa ba kusa ba, tana ɗaukar murya, ba ta tsayawa bayan daƙiƙa 25. Labarin Shibo da Babulen Kurfai, tun daga farkonsa, yana jiran ɗan ƙasar da zai ɗauke shi tun tsofaffin da suka ji shi daga bakin iyayensu suna da sauran numfashi.